Ɗorin da Ya Kwana Fuɗu

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya yi yawa har gero ya fara ruɓewa a tsaye, ɗana na fari ya nemi gurbin koyon tiyatar ƙashi. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba a Tambuwal. Katangu suna ta zubewa, hanyar Kebbe ta lalace har masu babur suna sauke mutum ya taka da ƙafa, zazzaɓi kuma gida-gida. Ni kaɗai nake jin duniya ta yi mini daidai, don duk gidan suna ko na biki da na shiga "uwar likita" ake ce mini. Sai in sunkuyar da kai kamar ban ji ba, alhali na ji sarai.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ina da 'ya'ya biyar na fara shi, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. A tunanina idan mutum ya zama likita ya gama. Sai da ya zauna ya yi mini bayani, cewa bayan bautar ƙasa akwai wata jarrabawa, wadda ya riga ya ci, sannan a cike fom a asibitin koyarwa, a zauna gaban manyan likitoci su yi wa mutum tambayoyi. Mutum kaɗan suke ɗauka, wanda aka ɗauka kuma ya sake wasu shekaru yana koyo. Na ce, "Ashe likita ma ɗan makaranta ne." Ya yi dariya ya ce, "Adda, ai mu da allo sai kabari."

Adda yake ce mini, yadda ƙannena suke kirana. Da yake ɗan fari ne, ana yaye shi surukata ta ɗauke shi, ita yake kira Inna. Mu a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da ya zama likita har sauƙi na samu, na sami abin kiransa.

Hannunsa na hagu yana da matsala. Ƙananan yatsu biyu a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa, damtsen kuma ya fi na dama siranta, da tabo a jere. Ya iya ɓoye shi ƙwarai, kullum rigarsa mai dogon hannu ce. Watannin da yake shiri, duk zuwan da zai yi gida sai ya sa an karɓo masa ƙashin ƙafar sa a wurin mahauta. Ya zauna gindin darbejiya da ɗan injin huda, yana hudawa yana ɗaura sukurori, yana ƙulla zare a ƙafar kujera har yatsun su fara rawa. Mahaifinsa yakan tsaya a kansa ya ce, "Wanga dai kafinta munka biya ma karatu." Ni daga madafa nake leƙensa. Wani lokaci ƙashin yakan kuɓuce wa hannun hagun, ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya sake.

Ranar da ya dawo daga ganawar, bayan la'asar ne, ina tsinkar zogale a rumfa. Ya yi sallama, ya zauna bakin tabarma, bai cire takalmi ba. Na ba shi ruwa ya ajiye.

Na ce, "Likita, lafiya? Yaya anka ƙare?"

Ya ce tambayoyin duk ya amsa. Daga ƙarshe ne wani dattijo cikinsu ya miƙa masa wani ƙarfe na aiki ya ce ya riƙe da hagu, ya matsa. Sai ya ce ya naɗe hannun riga. Dattijon ya daɗe yana jujjuya hannun yana latsawa, sannan ya tambaye shi kwana nawa ɗorin ya yi. Likita ya ce kwana ɗaya, yadda aka faɗa masa tun yana yaro. Dattijon ya ce tabon nan ba na kwana ɗaya ba ne, ya koma gida ya tambaya. Suna son cikakken rahoto kan hannun kafin su yanke shawara.

Ya fiddo takardar da suka ba shi ya cika daga jaka ya shimfiɗa a gwiwa.

"Inna ta rasu, mai ɗorin ya rasu. Baba ya ce in tambaye ki, shi ba shi gari lokacin. Adda, kwana nawa anka yi?"

Na ci gaba da tsinkar zogalen, har da karare nake zubawa cikin kwano ban sani ba. Shekara ashirin da wani abu ina jiran tambayar nan, da ta zo kuma ban shirya ba. Na ce, "Fuɗu."

Sai na ba shi labarin tun daga farko. Lokacin muna gidan gandu a wani ƙauye kusa da Kebbe, mahaifinsa yana aiki a Tambuwal, sai Juma'a yake zuwa. Yana ɗan shekara shida ya faɗo daga amalanke ranar Litinin, ya karye a gwiwar hannu. Aka kira mai ɗori, aminin kakansa ne, ya ja hannun, ya jera kara, ya ɗaure tamau da tsumma, ya yi tofi. Ya ce kada wanda ya taɓa sai an kwana bakwai. Ina ɗakina ina jin kukansa daga ɗakin surukata. Washegari da na kai mata kunu na gan shi kwance, yatsun sun kumbura sun yi baƙi kamar ɗinya. Na faki idonta na taɓa. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Ashe ta gan ni. Ta ce, "Ke, mi kike lalube nan? Yau kuma ɗa kinka sani?" Matan gidan da ke ƙofa suka fashe da dariya, wata ta ce, "Oh, matan zamani, ba kunya ba tsoron ido." Na ajiye kwanon na fito da sauri kamar wadda aka kama da sata. Ban ƙara shiga ba. Ranar Laraba kukan ya ragu, aka ce sauƙi ne. Ni jikina bai ba ni haka ba, amma ban ce komai ba. Akwai masu zuwa Tambuwal daga ƙauyen, da na aika ko da kalma ɗaya ce da mahaifinsa ya zo. Na tsaya ina tunanin bakin da zan buɗe in ce ɗana ba shi da lafiya. Sai ranar Juma'a ya iso, ya ji wari tun daga ƙofa, ya sa reza ya yanke tsumman, ya ɗauke shi zuwa asibiti, daga can aka tura su Sakkwato. Allah ya sa ba a yanke hannun ba. Da suka dawo manyan gida suka daidaita baki a kan kwana ɗaya, don a rufa wa tsohuwa da mai ɗori asiri. Ni ma asirina ya shiga ciki ya rufu.

Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ranar Talata kin gani."

"Na gani."

"Kin taɓa."

"Na taɓa, Likita."

Ya dubi hannun, ya juya shi kamar na wani majinyaci. Can ya ce, a hankali, da irin muryar da yake yi wa marasa lafiya magana, "Ciwon ga awoyi kaɗan yaka buƙata. Wataƙila lokacin da kinka taɓa ma aikin gama ya gama." Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa mini ko tausayina ya ji ba. Ban taɓa tambayar wani likita ba, tsoron amsar nake.

Ya zare biro. Ni da ba na gane Turanci, lamba dai na sani. Na ce, "Ka rubuta ɗaya mana, yadda anka saba. Wa zai sani?"

Ya ce, "Adda, hannun ya riga ya faɗa masu."

Ina kallo ya rubuta huɗu. Ya ninke takardar, ya tashi ya shiga ɗakin baƙi. Ruwan da na ba shi yana nan inda ya ajiye.

Bayan kaka sunaye suka fito, babu nasa. Shekarar da ta biyo ya nema a wani asibitin, can ma hannun suka duba. Bai nemi na uku ba. Yanzu likitan hoto ne, shi ke duba hoton ƙashi ya rubuta inda ya karye, wasu su shiga su gyara. Yana da iyali, yana da rufin asiri, bai taɓa yanke mini gaisuwa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Wani lokaci ina cewa da ma ya yi mini faɗa a ranar, da na sami abin da zan nemi gafara a kai.

Ba na ce a zubar da kunya ba, 'yan uwa, da ita aka rene mu kuma ta yi mana rana a wurare da yawa. Surukata ma ba muguwa ba ce, ta fi ni kuka da ta ga abin da ke ƙarƙashin tsumman. Abin da na sani kawai, dariyar da na guda ba za ta wuce yini ɗaya ba, matan da suka yi ta ma yawancinsu sun rasu. Shi kuwa da hannun yake alwala sau biyar kullum.

Washegarin ranar da muka yi maganar, na dama masa fura na zuba a gora, na yafa mayafi na bi bayansa zuwa tasha. Ban taɓa raka shi ko ƙofar gida ba, ko ranar da zai tafi jami'a. Muka bi ta cikin taɓo, shi gaba ni baya. Motar Sakkwato saura mutum uku ta cika. Ya shiga ya zauna jikin taga, na miƙa masa gorar, sannan na kai hannu na riƙe yatsun nan biyu, gaban direba da 'yan kamasho da masu tallar ƙosai. Ya bar mini su kaɗan, sannan ya zare a hankali ya mayar cikin hannun riga.

Ya ce, "Koma gida, Adda. Mutane na kallo."

Ban koma ba. Na tsaya nan har motar ta cika ta tashi.