Ranar da Kaka Ta Hau Tsutsa

Akwai wani ƙamshi da ba kowa ne zai kira shi ƙamshi ba: baƙin mai a jikin ƙarfen da rana ta gasa, in ya haɗu da na gugguru mai sukari. Kwanan baya ina tsaye a Gidan Igwai ina jiran keke, ga mai gyaran babur a damata, ga mai gugguru a haguna, sai iska ta haɗa su ta kawo min. Kekuna suka yi ta wucewa ban tsayar da ko ɗaya ba. Hankalina ya riga ya koma wata Babbar Sallah ta lokacin da nake yarinya, kuma ita nake son in ba ka labari, mai karatu.

A Ƙofar Dundaye na tashi, cikin babban gida na masu sana'ar shanu da nama. Babana shi ne babba a ɗakinsu. Mutum ne dogo kakkaura, mai ƙarancin magana, wanda ake cewa da ƙuruciyarsa in bijimi ya ƙwace a kara shi ake kira. Ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa, direban babbar mota ne mai kai shanu Kudu, kuma duk abin da Baba ya rasa na surutu da raha shi ya kwashe. A wajen yawonsa na manyan birane ya fara ganin irin jirgin wasan nan da ke bin dogo ya hau tudu a hankali, sannan ya sako gangare da gudu, mutane na ihu a ciki. Ya hau sau ɗaya, shi ke nan abin ya shiga ransa.

Da aka kawo irinsa wani filin wasa a nan Sakkwato, Baffa kamar shi aka yi wa kyauta. Ba wani babba ba ne, in ka kwatanta da na yanzu. Tarago-tarago ne koraye a jere, na gaban an yi masa kai mai manyan idanu da baki a washe, shi ya sa yara suka sa masa suna tsutsa. A layin hawa Baffa ya gano ba shi kaɗai ne mai gemu da ke son abin ba. Akwai wani tela daga Runjin Sambo, da wata malamar asibiti da mijinta, da wani mai sayar da yadi a kasuwa, da wani malamin firamare mai tabarau. Mutane suka fara yi musu ba'a da 'yan tsutsa, su kuwa suka karɓi sunan hannu biyu. Duk Sallah, in an gama zagayen gaishe-gaishe, sai su ware wuni guda su haɗu a filin da matansu da 'ya'yansu.

Wunin nan ya fi min ranar idi kanta. A ƙarƙashin itatuwan dogon yaro ake shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya buɗe kwanukansa, ga masa, ga dambun nama, ga fura mai sanyi a ƙwarya, babu mai tambayar na wane ne. Manya kuma su dasa gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba. Tela da mutanensa sun ce a gaba ake zama, don a ga gangaren kafin a faɗa masa. Baffa da malamar asibiti sun ce duk wanda bai zauna a taragon ƙarshe ba bai san abin da ake ciki ba, can ne ake jin fizgar. Malamin firamare ya kan zana musu bayani a ƙasa da tsinke, ba mai kallon zanen.

Baba bai taɓa zuwa ba. Ya kan bar mu mu tafi da Mama, amma in Baffa ya gayyace shi sai ya ce shi bai ga abin da magidanci zai yi a wasan yara ba. Maganar tana yi wa Baffa zafi, ko da yake dariya yake yi ya wuce.

A shekarar da nake ba ka labari, Allah ya yi wa kakanmu rasuwa, kuma Kaka, mahaifiyar su Baba, ta fita takaba ba da daɗewa ba sai ga Sallah. Sunanta aka sa min, don haka takwara take kirana. Kafin rasuwar, muryarta ce ke tashin gidan. Ita ce mai tsokanar jikoki, mai waƙa in tana dama fura, mai dariyar da ake ji tun daga zaure. Bayan rasuwar sai ta yi shiru. Takaba ta ƙare amma ba ta fito ba. A kai mata tuwo a ɗauko kwanon kamar yadda aka kai, awarwaronta har ya fara zamewa zuwa tafin hannu. Baba ya kawo mai duba ta, aka ce ba a ga ciwo ba. Na kan ga Mama ta fito daga ɗakinta da kwano, ta tsaya a bakin madafi tana kallon abincin.

Sallar ta faɗo cikin damina. Ranar da za mu filin, an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi. Ana ta shiri, na shiga ɗakin Kaka don in nuna mata lallena. Ta duba ta kau da kai. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni fita, na zauna ina kwatanta mata tsutsa da hannu, yadda take jan jiki ta hau, da yadda cikin mutum ke tsayawa a sama in an gangaro.

“Takwara,” ta ce, muryarta a dishe, “in an kai can bisa, mi ake gani?”

Na ce ana ganin rufin gidaje, da hasumiyar masallatai, kuma in an duba bayan katanga ana hango fadama har da ruwan gulbi. Ta daɗe tana kallona. A wani ƙauye na bakin gulbin aka haife ta, can kakanmu ya gan ta tana yarinya. Can sai ta ce in miƙo mata mayafinta da takalmanta.

Gidan ya rikice da murna, amma kowa ya kama bakinsa kada a yi abin da zai sa ta fasa. Baba kuwa ba yadda zai yi. Mahaifiyarsa za ta taka ƙofar gida a karon farko tun rasuwa, ba zai bari ta fita ba tare da shi ba. Haka ya zuba babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya shiga gaban mota fuska a ɗaure.

A filin, matan suka tarbi Kaka kamar sun shekara suna jiranta. Aka ba ta tabarma mafi inuwa. Malamar asibiti ta tura mata masa, ta gutsuri kaɗan. Baba ya zauna can gefe yana jan carbi, kowa ya zo gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ita kuwa Kaka idonta na kan dogo. Duk sanda tsutsa ta sako gangare, yara da manya suka kwarma ihu, sai in ga ta ɗan ɗaga kai.

Bayan an yi la'asar ta gyara mayafi, ta ce, “Ina son in hau abin ga.”

Baba ya taso ya durƙusa a gabanta, ya yi ƙasa da murya. “Inna, ki yi haƙuri. Ga shekaru, ga ba ki da ƙarhi. Kuma mi mutane za su ce?”

“Mutane sun gama maganassu tun ranar gaisuwa,” in ji ta.

Ya juya wajen malamar asibiti yana neman mai taya shi. Ta kama hannun Kaka ta ɗan riƙe, ta yi mata tambayoyi, sannan ta ce ita ba ta ga abin hanawa ba, jirgin ƙarami ne, muddin akwai wanda zai zauna kusa da ita.

“To ka ji,” Kaka ta ce wa Baba. “In tsoron hwaɗuwata kake, taho ka zamna kusa gare ni ka riƙe ni.”

Baffa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar agogonsa, yana danne dariya. Baba ya dubi dogon, ya dubi mahaifiyarsa, ya miƙe ya naɗe hannun riga.

Nan da nan tsohuwar gardama ta tashi, masu gaba na jan ta, masu baya na jan ta. Kaka ta raba musu da cewa ita a baya za ta zauna, don ba ta son kowa ya sa mata ido a ƙeya. Tela ya ce wannan ba hujja ba ce, Baffa ya ce hujja ko ba hujja ba, an dai zaɓa. Ni da Baffa muka shiga taragon da ke gabansu. Mai kula da jirgin ya sauke ƙarfen da ke tare cinya, sai da Baba ya tattare rigarsa kafin ya rufu.

Sarƙa ta fara jan mu sama, ƙas-ƙas-ƙas, a hankali kamar ba za a kai ba. Na waiga. Kaka ta miƙa wuya tana duban bayan katanga, inda fadama ta yi shar da shinkafa, ruwa na walƙiya a tsakiya.

“Ga ruwanmu can,” ta ce.

Ba ta rufe baki ba muka sako. Hular Baba ta yi sama. Na ji wata murya a bayana tana jero duk addu'ar da ta sani, ta shiga mota, ta shiga kasuwa, har da ta cin abinci, sai da na sake waigawa na yarda babana ne. Idonsa a rumtse, hannayensa biyu sun damƙi ƙarfe, babbar riga ta cika da iska. A gefensa kuwa Kaka dariya take, irin tata ta da, baki buɗe, hawaye na gudu zuwa kunnenta. Da muka sha kwana ta saki ƙarfen da hannu ɗaya ta dafa bayan wuyansa tana shafawa.

“Sannu, ɗana,” take ce masa, tana dariya. “Kak ka ji tsoro, ina nan. An kusa.”

Da jirgin ya tsaya, Baba ya sauko yana tangaɗi. Na zaci Baffa zai rama duk ba'ar da aka yi masa. Sai kawai ya sa kafaɗa ya tallabe shi, ya ce, “Yaya, ni ma ranar hwarko haka na yi,” ya kai shi inuwa ya ba shi ruwa. Tela ya tsinto hular ya kaɗe ta, ya miƙa masa da hannu biyu. Baba ya sha ruwan, ya numfasa, ya dubi inda Kaka take. Ta riga ta zauna cikin mata ta jawo ƙwaryar fura, tana tambayar wa ya ɓoye dambun naman. Ya daɗe yana kallonta tana ci. Daga nan shi ma ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, har ta fi ƙarfinsa ya rufe fuska da hula.

Kafin magariba Kaka ta sake hawa, wannan karon da ni a gefenta.

Ba zan ce maka baƙin cikinta ya tafi a ranar ba. Ta ci gaba da yin shiru wasu lokutan, na kan same ta riƙe da carbin kakanmu ba ta ja. Amma ta dawo tsakar gida, kwanonta ya fara dawowa a share, waƙar dama fura ta dawo. 'Yan tsutsa suka naɗa ta uwar tafiya, kuma duk Sallah sai ta je, har ƙafa ta gaza. Baba ma bai ƙara fashi ba. Shi ke kawo gasasshen nama cikin takarda, ya zauna tabarma ɗaya da Baffa, amma ko kusa da layin hawa ba ya zuwa.

Yau Kaka ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta. An kwance tsohuwar tsutsar, wurin da muke zuwa yanzu jirginsa ya fi tsayi da gudu, matasa kuma rabin hankalinsu na kan ɗaukar hoto da waya. Tela ya rasu, malamar asibiti ta yi ritaya, 'ya'yansu da mu ne ke shimfiɗa tabarmin, kuma har yanzu ba a daidaita kan gaba da baya ba.

Sallar da ta wuce, ƙaramar 'yata ta kama hannun Baba, wanda gemunsa ya yi fari fat, ta ce sai ya taso sun hau tare. Ya jawo ta ya zaunar a cinyarsa.

“Ni na hau nawa,” ya ce mata. “Da innata munka hau, tana riƙe da ni. Shi nike so ya zamna min na ƙarshe.”

Yarinyar ba ta gane ba, ta zame ta ruga wajen 'yan uwanta. Ya bi su da kallo har suka kai bakin jirgin, ya ga sun nufi taragon gaba. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

“Ba nan ba. Ku koma baya, can daɗin yake.”