Muryar Baba da Na Goge da Hannuna

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da wata Asabar da na zauna sabunta kwamfutata a gidanmu na Makera.

Laftof ce mai lafiya, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. A cikinta na ajiye hirar da na riƙa naɗa da mahaifinmu a jinyarsa ta ƙarshe: yadda ya baro ƙauye, shekarunsa a masaƙar Kakuri, har waƙoƙin da suke yi a bakin inji. Wayar da na naɗa da ita ta daɗe da ɓata, nan kaɗai hirar ta rage. Kullum cewa nake gobe zan tura wa 'yan'uwa.

Da hantsi na duba, kwamfutar ta nuna ta cika sharuɗɗan ɗaukar sabuwar manhajar da ke tafiyar da ita. Na sa filashin da ke ɗauke da ita na fara. Sai da ta wuce rabi ta tsaya cak, ta watso mini wasu lambobi. Na kashe na kunna, na canza wa filashin rami, har batir na cire. Sau huɗu, wuri ɗaya take cijewa, tsohuwar manhajar kuma ta ƙi tashi.

Na kira wani abokin aikina da muke wa kallon gwani.

"Malam, datti ne ya yi mata yawa," in ji shi. "In ta nuna maka sassan ma'ajiyarta, goge na manhajar kawai. Sauran ba abin da zai same su."

Sassa uku ta nuna, babu mai suna. Na zaɓi babban in goge. Ta tambaye ni ko na tabbata, na danna. Ta sake cijewa inda ta saba, ni kuma na yi ta maimaitawa har la'asar.

Ran Litinin na kai ta wurin wani mai gyara a Kakuri, ɗan ƙabilar Ibo ne amma haifaffen Kaduna. Ya ɗan gwada filashina ya ajiye shi gefe.

"Oga, kwamfutarka lafiya lau. Filashin nan ne ruɓaɓɓe."

"Ajiyata fa?"

Ya duba ya daɗe. "Bayan ka goge, sau nawa ka sake ɗorawa?"

Na ce uku.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da ka tsaya nan ka kawo mini, da na ciro maka. Yanzu ka rubuta wani abu a kanta."

Kwana biyu bawan Allahn nan yana lalube. Abin da ya tono bai kai numfashi uku ba: tarin Baba, sai muryarsa tana cewa, "To, daga nan sai muka..." Shi ke nan. Manhajar kuwa, da wani filashi, ta hau kafin in gama sallar azahar.

Da na gaya wa mahaifiyarmu ba ta yi faɗa ba. Ta ce in kunna mata ɗan guntun, ta saurara, ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta tashi ta shige ɗaki. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Shekaru sun wuce, ban san abin da ya faru "daga nan" ba, babu kuma wanda zan tambaya. Abin da na koya shi ne, abu in ya cije a bar shi, a nemi masani. Kuma abin da ba ka da biyunsa, kada ka ce sai gobe.