Ruwan Rum a kwalbar humra

Daga Gombe

Ana kiran assalatu na fito daga gidanmu a Tudun Wada, na tari keke zuwa Bagadaza in ɗauki Rifkatu. Ni da ita muna cikin ɗaliban tarihi da jami'armu ta zaɓa su je Italiya ganin tsofaffin birane. Na iske kakarta, Kaka Saratu, a bakin ƙofa cikin bargo tana tari, ga wata gorar roba babba a cinyarta.

"Ruwan Rum za ku cika min," in ji ta. "Shekara da shekaru maƙwabciyata Hajiya Dije tana miƙo min dabino da zamzam ta katanga. Ni ban taɓa ba ta tsarabar ko'ina ba. Kafin in kwanta dama, ni ma in miƙa mata."

Na yi dariya, amma Rifkatu ba ta yi ba. A mota ta faɗa min likita ya ce jikin tsohuwar ya yi nisa.

Muka bi ta Bauchi da Jos zuwa filin jirgin Abuja. A wani shinge soja ya tambayi direbanmu ina zuwa. Ya ce, "Italiya, yallaɓai." Sojan ya dubi tayoyin motar ya ce Allah ya kai mu.

Rum

Masaukinmu ɗaki ɗan ƙunci ne, tagarsa na kallon shanyar mutane. Abinci kuwa taliya safe, taliya yamma. Ba don yajin da Innata ta ƙulla min ba da na rame. Malam Bello, jagoranmu, ya kai mu katafaren filin nan da ake haɗa mutum da zaki a da. Na tsaya ina kallon ramukan ƙasa, tausayin waɗanda aka tsare a ciki ya kama ni. Rifkatu kuwa idonta na kan famfunan titi, masu zuba ba dare ba rana kyauta. Kusa da babban cocinsu ta cika gorarta, ta yi addu'a, ta ɗaure bakin da leda.

Florence, Pisa, Venice

Daga nan gora ta zama 'yar tafiya. A jirgin ƙasa kujerar taga aka ba ta. A Pisa kowa na ɗaukar hoto yana tallafe da hasumiyar da ta karkace, Rifkatu na tallafe da gora. Samari suka laƙaba mata Maman Gora. A Venice, inda titi ruwa ne kuma kwalekwale ne motar haya, na ce, "Ke, ga ruwa har ya yi yawa, ki sauke wannan mana." Harara kawai na samu.

Filin jirgi

Nan muka yi wautar. Na ce ta sa gorar a akwati, ta ce ina, tsarabar Kaka ba ta kwana da takalma. Akwatuna suka wuce. A wajen bincike wata ma'aikaciya ta ɗaga gorar ta nuna kwandon shara. Malam Bello ya yi Turanci har ya gaji. Matar ba muguwa ba ce. Ta gwada mana da yatsu cewa 'yar ƙaramar kwalba kaɗai ke shiga.

Rifkatu ta tsuguna, hawaye na zuba. Wallahi sai na ji kamar Kaka Saratu kakata ce.

Ina laluben hankici hannuna ya taɓa kwalbar humrata. To wace 'yar Gombe ce za ta yi tafiya ba humra? Na ja 'yan matanmu banɗaki, kowa ta zazzage tata a mayafi da wuya, har rigar Malam Bello sai da ta samu rabo. Muka wanke kwalaben iya wankewa, muka ɗura ruwan. Sauran ruwan gorar kuwa, Rifkatu ta shanye rabi, na taya ta. A jirgi Baturen da ke gefena atishawa ya yi ta yi har Abuja, Allah ya ba shi haƙuri.

Gida

Da la'asar muka shiga Bagadaza. Kaka ba ta iya tashi kuma, sai da aka jingina ta da filo. Rifkatu ta fara ba da haƙuri kan gora, tsohuwar ta ɗaga hannu, ta buɗe kwalba ɗaya ta shinshina.

"Ashe ruwan Rum ƙamshi gare shi," ta ce. Babu wanda ya gyara mata.

Aka kira Hajiya Dije ta katanga. Ta shigo da sallama, ta durƙusa gaban gadon, ta karɓa da hannu biyu, ta shafa a fuska.

"Saratu, kin biya ni."

"Ban biya ba," in ji Kaka. "Amma yau hannuna ne a sama."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma sa muka iske ta da ranta.