Ranar da Yaya Ya Ɗaure Mana Bel

Jar fitila na fara gani, 'yar ƙarama a bayan sitiyari, mai siffar akwati da kunnuwa biyu. Muna hanyar dawowa daga wani suna a Faskari, ina zaune a gaba kusa da maigidana, sai ta kama. Ta burge ni. Na ce masa, "Wannan kuma yaushe ka sa mata? Ta yi kyau."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ba ado ba ne. Batir ne ba shi samun caji."

A lokacin watana goma sha ɗaya a gidansu a Daudawa, ban taka gidanmu a Ƙanƙara ba ko sau ɗaya. An sa ranar Lahadi mai zuwa zan je ganin gida, kuma shi zai kai ni da kansa. Na daɗe da tsara yadda abin zai kasance. Littattafan soyayya da na taso ina karɓa haya sun koya mini cewa amarya ba ta sauka daga mota sai an zagayo an buɗe mata ƙofa, ƙamshi ya riga ta fita, sannan takalmi, sannan ita. Motarmu tsohuwa ce, wani hedimasta ne ya sayar wa maigidana da zai yi ritaya, ƙofar baya ɗaya ma sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ban damu ba. Na ɗinka leshi ruwan zuma, na buga wa ƙawayena waya na ce su taru a ƙofar gidanmu kafin azahar su ga saukata.

Da muka iso gida ya shigar da motar ta kafar da amalanke ke shiga, ya tsayar da ita gindin mangwaro kusa da rumbu, ya ɗaga bonet. Ya kira ni ya nuna mini wata baƙar roba da ta zagaye wasu fayafai uku. Ta tsattsage kamar dugadugin manomi, gefenta ya yi zare-zare. Ya ce sunanta bel, ita ke juya alteneta, alteneta kuma shi ke ba batir wuta. In ta tsinke, har ruwan lagireto zai daina zagayawa.

Na ce, "Lahadin fa?"

Ya ce, "Lahadi na nan. Gobe in na tashi makaranta zan shiga Funtuwa in sawo sabuwa. Ni zan sa da hannuna."

Malamin firamare ne, mutum mai tsabta da natsuwa, kuma ranar Asabar da safe na ga amfanin hakan. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera sifanu. Ya cire kan batir. Ya karɓi littafin da nake karantawa, ya zana yadda tsohuwar bel ta bi fayafan a bayan bangon, don kada ya manta. Ban ji haushi ba, sai ma na ji kamar wasiƙa ya rubuta mini. Ya sassauta notin ƙasa, ya sassauta na sama mai zamewa a cikin wani ƙarfe mai tsaga, ya tura alteneta wajen inji. Bel ta saki, ya zare ta kamar ana cire awarwaro. Ya gwada tsawonta da sabuwar, ya goge ramukan fayafan da tsumma, ya ɗora sabuwar ta zauna daram.

Ya ce bakaniken da ya raka shi sayen ya nuna masa sirrin: a ja alteneta baya da hannu, a ɗaure, sannan a danna tsakiyar bel da babban yatsa. In ta lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya, ta yi. In ta yi sako-sako za ta yi ta kuka, in ta yi tauri da yawa za ta cinye boris ɗin da ke cikin alteneta.

Ina riƙe masa da notuna a tafin hannuna, ina kallon gumi a goshinsa. Na yanke shawara a zuciyata cewa jarumin da ya iya gyaran motarsa ya fi wanda ke da direba.

Kakarsa tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Kai malam na allo, ashe ka iya wani abu ban da dukan 'ya'yan mutane?"

Ya ce, "Tsohuwa, bari in gama in kai ki Makka a ciki."

"Wagga? Ko bakin rafi ba ni yarda ta kai ni."

Sallamar Yaya ce ta katse dariyar. Yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba shi shekara goma sha biyu, shi ya riƙe shi a makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Yana da injin niƙa a bakin kasuwa. Ya shigo fari fat da gari tun daga hula har gira, bakinsa kaɗai ne ja saboda goro. Ni matar ƙane ce, ba na tsayawa inda yake. Na zube notuna a kan buhu, na durƙusa na gaishe shi, na shige ɗaki. Daga bayan labule na ga sauran.

Yaya ya leƙa injin, ya danna bel ɗin, ya yi tsaki.

"Mi kake yi nan? Wanga ai zanen tsohuwa ka ɗaura mata."

"Yaya, ban ƙarasa ba. Bakanike ya ce a bar ta ta ɗan lotsa, kamar yatsa..."

"Bakanike? Shekara nawa ina ɗaure bel? Tun kana fitsarin kwance nike kwana da inji. Bel in ba ta yi magana ba, ba ta ɗauru ba. Amarya! Miƙo mani taɓarya."

Taɓaryata ce, cikin kayan aurena ta zo, mahaifiyata ta sa aka sassaƙa mini ita da itacen ƙirya. Ban taɓa barin ta ta kwana a ƙasa ba. Na miƙo ta ta gefen labule, ina jira maigidana ya ce a'a. Ya karɓa ya ba shi.

Yaya ya cusa kan da nake daka hura da shi tsakanin alteneta da jikin inji, cikin baƙin mai da ƙura da kashin ɓera da ya taru a wurin. Ya dafa ƙafa ɗaya a kan taya, ya rataya dukkan nauyinsa a ɗaya kan, yana nishi. Bel ta miƙe, ta ƙara miƙewa. Na ji wani abu ya ce ƙas. Maigidana ma ya ji, don na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Ɗaure! Ɗaure noti, kana kallona!"

Ya ɗaure. Yaya ya zare taɓarya ya jefar a ƙasa, ya kaɗa bel ɗin da farce. Ta yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi.

"Ka ji? Yanzu ta yi magana."

Na ɗauka an gama. Sai ya laluba aljihu ya ciro guntun mazarƙwaila, ya hure garin da ke jikinta, ya jefa a baki a kan goron da yake ci. Haka suke yi wa bel ɗin injin niƙa in tana zamewa, su shafa mata abu mai danƙo don ta kama. Ya tauna, ya tauna, ya tofa a tafin hannunsa. Wani abu ne ja-baƙi mai yauƙi, da ɓarɓashin goro a ciki. Ya bi sabuwar bel ɗin da shi, ciki da waje, yana juya ta da ɗaya hannun. Da bai isa ba ya ƙara da yawu zalla. Sannan ya goge hannun a jikin tsumman da maigidana ya tanada, ya ga bai fita ba, ya ƙarasa a jikin kujerar gaba da ƙofarta ke buɗe.

Na toshe baki da gefen mayafi.

Kaka ta ce, "Kai, motar ce ke jin yunwa ko ƙazantarka ce ta motsa?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke dai ci gyaɗarki, tsohuwa."

Bayan ya fita na fito na ɗauki taɓaryata. Kanta ya yi baƙi, ya tsage. Na wanke da toka sau uku, warin bai fita ba, kuma ban sake daka abin ci da ita ba.

Na ce wa maigidana, "Ka sassauta ta. Kai da bakinka ka ce faɗin yatsa."

Ya tsaya yana kallon bel ɗin, ƙudaje sun riga sun fara sauka. Ya ce, "In ya dawo ya danna ya ji ta saki, mi zan ce mashi? In ce bai iya ba?"

"Ai bai iya ba."

"Ki rage murya."

Wannan ya fi yawun tayar mini da zuciya. Mutum ya san daidai, ya faɗe shi da bakinsa, sifana tana hannunsa, amma ya tsaya yana leƙen ƙofa. Da ya ga fuskata sai ya ce in kwantar da hankalina, gobe da mun fita gari zai tsaya ya wanke ta ya sassauta, minti biyar ne. Na yarda, don ina son in yarda.

Da safe na yi wanka, na sa leshi, na yi turare. Na fito na tarar da cinnaku sun yi layi daga gindin mangwaro, sun hau taya sun shige cikin inji. Na kuma tarar da Yaya tsaye da sabuwar hula, da fayafan niƙa guda biyu ɗaure da igiya. Ya ce tunda mota za ta Ƙanƙara, bari ya kai su a gyara masu haƙora. Babba ba ya zama a baya. Ya buɗe gaba ya zauna. Ni na shiga baya, fayafan suna gogar gwiwata, ƙullin daddawar da Kaka ta ba ni in kai wa mahaifiyata yana kan cinyata.

Ba a tsaya a bayan gari ba. Na kalli ƙeyar maigidana har na gaji, bai waiwayo ba.

Kafin Sheme injin ya fara wani siririn kuka. Sai wari ya biyo baya, warin sukari da ya ƙone haɗe da roba, ya shigo ya danne turarena, ya haɗu da daddawa. Yaya ya ce bel ce ke zama. Mun wuce Sheme da kaɗan muka faɗa wani rami, na ji ƙarfe ya karye, wani abu ya yi ta dukan bonet daga ciki. Fitilar batir ta kama, allurar zafi ta haura. Maigidana ya gangara gefe.

Kunnen alteneta, inda taɓarya ta danna, ya ɓalle. Alteneta ya karkace, bel ta zama zare. Maigidana ya ɗago guntun ƙarfen yana kallo. Na ce a raina, yanzu zai yi magana.

Yaya ya riga shi. "Ka gani? Sun sayar maka da bel ta banza. Da ka tahi da ni ba su yi maka haka."

Maigidana ya ce, "Haka ne, Yaya."

Hanyar nan ba wadda ake daɗewa tsaye a kanta ba ce, kowa ya sani, ko da rana tsaka, saboda 'yan bindiga. Suka tare wata a-kori-kura da ta ɗauko awaki. Maigidana zai tsaya ya nemi wanda zai ja motar zuwa Sheme, Yaya zai raka ni gidanmu. Gaban motar ya cika, sai aka yi mini wuri a baya kan wani buhun dusa tare da wasu mata biyu. Wata akuya ta jingina da ni tun daga nan har Ƙanƙara, ta kuma yi abin da awaki ke yi a kan gefen leshina. Ban ma janye ba.

Ƙawayena suna ƙofar gida kamar yadda na ce, su biyar, sun ci kwalliya. Direban ya tsaya daidai gabansu don Yaya ya ce masa nan ne. Na diro da kaina, ƙullin daddawa a hannu. Babu wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaya ta matso ta cire mini dusa daga ɗankwali, ta ce a hankali, "Sannu da hanya."

Mahaifiyata ta yanka kaji biyu don surukinta. Yaya ne ya cinye su a zaure, ina jiyo shi yana ba Babanmu labarin yadda yaran yanzu ke sayen mota ba su san ɗaurin bel ba. Baba yana ta cewa, "Allah ya kyauta, Allah ya saka maka." Maigidana bai zo ba sai bayan kwana tara, a motar haya. Muna tare har yau, 'ya'yanmu huɗu, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Yaya kuwa, bayan wasu shekaru ya sayar da injin niƙan ya koma Damari, cikin ƙasar Sabuwa, wajen dangin matarsa. Ya kafa rumfa a kasuwa yana sayar da bel: ta injin niƙa, ta injin ban ruwa, ta mota. Duk wanda ya saya, shi yake ɗaure masa da hannunsa, kyauta. Masu saye ba sa daɗewa suke dawowa neman wata, suna yaba kirkinsa suna zagin kayan zamani. Ya gina gidan bulo, ya je aikin Hajji. Yanzu ko ni Alhaji nake ce masa.