Ranar da Ustaz Haruna Ya Yi Mini Tafinta

Wata Asabar ce, a bazarar shekarar da na gama aji huɗu, Ustaz Haruna ya ɗora ni a bayan kekensa muka bi bakin magudanar ruwa zuwa kambo. Kambo shi ne bukkokin bayan ƙauyenmu, kusa da garin Suki a ƙasar Sudan, inda Hausawa baƙi daga yamma suke sauka su tsinci auduga a gonakin iyayenmu har guzurin Makka ya haɗu. An riga an tuge karan auduga an ƙone, makaranta tana hutu, Ustaz kuwa ya kafa rumfa yana koya wa 'ya'yansu karatu. Ni ne abin misalin da zai nuna musu. Na sa farar jallabiya, na sha man riɗi har ƙeya, ina jin ni na haifi nahawu.

Shekara huɗu na yi ina kankare Hausa daga bakina kamar ƙanzo a tukunya, don kada Larabawan ajinmu su ce mini Fallati, sunan rainin da suke kiran mutanen yamma da shi. Ina cikin karanta musu sai wani tsarana mai suna Sani ya miƙo allonsa. "Ɗan'uwa, wanga harafi fa?" Na dubi zanen fuskarsa, irin na kakana sak, na ce masa da Larabci ban gane ba.

Ustaz bai nuna komai a fuska ba. Ya zauna tsakaninmu ya zama tafinta: Sani ya tambaya, shi ya juya mini zuwa Larabci, in amsa, ya mayar da Hausa. Haka har azahar, cikin ladabi, sai ka ce ana ganawa da jakada. Da muka tashi, yana ɗaure littattafai, ya ce mini da Hausa, "Ka gaida Inna, ka ce furar jiya ta yi." Kafin hankalina ya iso, bakina ya ce, "Za ta ji."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na samu sauƙi. Sani ya goge allonsa da hannun riga ya ce, "Ashe kana ji." Ban sake taka kambo ba, da ruwan farko ya sauka kuma suka yi gaba.

Yau wurin rumfar nan gonar albasa ce. Jikokina kan zo hutu daga Sinnar, in yi musu Hausa, su juya su dubi uwarsu ta fassara. Ba na tsawata musu. Su dai ba ƙarya suke yi ba.