Maganar da na ɓoye wa Nomau

Damina ta bakwai ke nan da muka binne ƙanena Nomau a Ɗan Kassari. Duk shekara ina yi masa sadaka, in kama bakina. Bana ma zan yi sadakar, amma sai na yi magana.

Ga yadda abin ya biyo. Yana da shekara ashirin da shida kaluluwa ta fito masa a wuya, ta ƙi sauka. Daga Dogon Dutsi aka tura mu Yamai, a can aka ce sankara ce. Wata shida ana ɗura masa maganin da suke kira shimiyo. Gashinsa ya zube, ya rame, sannan ya warke.

Kafin a fara, likita ya ja ni gefe, domin ni ne babba. Ya ce maganin yana iya kashe ƙwayar haihuwar namiji. Wani takan dawo masa bayan shekaru, wani ba ta dawowa. Ya ce in gaya masa, idan ya yi aure a auna shi. Na ce to. Ban gaya masa ba. A gidanmu wa ba ya yi wa ƙanensa irin wannan zance. Likitan ma ina fushi da shi: mai jikin yana kwance, taku biyar tsakaninsu, ya tsallake shi.

Nomau ya auri Hajo. Da aka shekara uku babu ciki, gwaggonmu ta sa muka kai ta Lugu, wurin masu bori. Aka ce doguwa ce ta ɗaure mata mahaifa, aka yanka baƙar akuya. Ɗan kawunmu mai shago ya ce wannan shirka ce, ya kawo masu ruƙiyya. Shi da gwaggo sun saɓa a kan komai, ban da abu ɗaya: cutar a jikin Hajo take. Ta sha jiƙo har abinci ya daina zama mata. Ranar sunan ɗana na ji gwaggo ta ce mata, "Aje jinjirin nan, ke mi kika sani ga goyo?" Nomau ya miƙe ya ce, "Gwaggo, matata ce, ki bar ta." Ni kuwa ina rabon goro.

Shekara takwas suka yi a haka, har haɗarin babur ya ɗauke shi a hanyar Gecheme. Ya tafi bai sani ba.

Hajo ta sake aure, yanzu 'ya'yanta biyu. Mutanenmu har yau cewa suke yi doguwar ce ta sake ta. Bara na je na faɗa mata gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ai kai ka riƙe igiyar akuyar."

Da Nomau zai leƙo yau, me zai gani? An ce akwai asibitocin da ake ajiye wa namiji ƙwayar haihuwarsa kafin a fara maganin. Ba na jin wannan ne zai fara tambaya. Zai tambaya ko har yanzu mace kaɗai ake kaiwa neman magani, namiji yana zaune. Amsar ita ce e.

Nomau bai bar ɗa ba. Ya bar maganar da ya faɗa a tsaye, ranar da ni na kasa. Saboda haka ga tawa, duk da ta makara: Hajo lafiyarta ƙalau, tun ranar farko. Gwaggo ba ta karatu. Ni zan karanta mata wannan rubutun.