Na'urar da Ba a Fasa Akwatinta Ba

Ɗiyata Hadiza ta ture kwamfutarta a kan tabarma, ta ce shirin da take rubutawa yana mutuwa da zarar ya kira wani aiki da ke cikinsa. Na leƙa.

Na ce, "Ai ba aikin kika ba shi ba, adireshin aikin ne, kuma kin bar gurbin fanko. Kwamfaila, mai juya rubutunki zuwa yaren na'ura, ba ya tambayar ko akwai wani abu a can. Umarninsa kawai a ajiye inda za a dawo, a yi tsalle zuwa inda kika nuna."

Ta gyara, shirin ya tashi. Ta zuba mini ido. "Baba, kai da na sani da rabon taki a Rimaye?"

Na ba ta labari: lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta tura ni ƙasar waje na koyi wannan, da kati muke rubutu, ana huda shi. Na dawo da ɗoki. Na'urar da aka sayo wa ofishinmu ba a taɓa fasa akwatinta ba, wai sai lantarki ya zauna. Aka ce in riƙe rabon taki a Rimaye ta ƙasar Kankia kafin nan. A kansa na yi ritaya.

Ta ce, "To aikin da aka ba ni a Legas fa? Inna ta ce in zauna in jira na gwamnatin jiha."

"Tafi. Ni zan yi wa uwarki magana."

Ku da aka taɓa ce muku ku ɗan jira, ku faɗa mini, me ya iso?